Aiken Da Ba A Komawa Tambaya: Yadda Aka Tsara Maganar Kwamfuta Da Firinta

Gabatarwa

Bari mu ɗauka wani malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare da ke Rabah, jarrabawar ƙarshen zango kuma ta matso. Ya rubuta tambayoyinsa a wayar hannu, ya nufi shagon buga takardu da ke bakin kasuwa. Mai shagon ya haɗa wayar da firintarsa ba tare da igiya ba. Malam ya zaɓi abin da yake so: kwafi 40, daga shafi na 1 zuwa na 3, a buga gaba da baya, a kan takardar A4. Kafin ya gama gaisawa da mutanen da ke zaune a shagon, takardu sun fara fitowa kamar yadda ya nema.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan ba abin mamaki ba ne. To amma a lura: kamfanin da ya ƙera wayar daban, wanda ya ƙera firintar daban, kuma na'urorin biyu ba su taɓa haɗuwa ba sai ranar. Yaya aka yi firintar ta gane cewa 40 yawan kwafi ne, ba lambar shafi ba? Yaya aka yi ta san “gaba da baya” umarni ne, ba sunan takardar ba? Amsar tana cikin wata yarjejeniya da ake kira IPP, wato ƙa'idar buga takardu ta hanyar intanet. Ƙashin bayan wannan yarjejeniya shi ne abin da za mu duba a wannan maƙala: yadda aka ware wa kowane bayani nau'insa da iyakarsa da ma'auninsa.

Daga Manzon Sarki Zuwa Manzon Waya

Tsara saƙo bisa ƙa'ida ba baƙon abu ba ne a wannan yanki namu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno, a can ya rasu a shekarar 1837, kabarinsa ma yana can. A zamaninsa wasiƙu na kai da komo tsakanin fadarsa da masarautu masu nisa irin su Kano da Zazzau da Bauchi, yawancinsu ta hannun Waziri Giɗaɗo ɗan Laima. Wasiƙun suna da tsari sananne: daga wane, zuwa ga wane, sai gaisuwa, sai maƙasudin rubutu, ga kuma hatimi da ke tabbatar da inda ta fito. Wanda ya saba karanta su ya san inda zai kai idonsa ya sami abin da yake nema.

Sai dai akwai wani bambanci babba. Wasiƙar sarki mutum ne ke ɗauke da ita. In wata magana ta shige wa mai karɓa duhu, sai ya juya ya tambayi manzo, manzo kuma ya yi bayani da baki. Firinta ba ta da wannan gata. Ba ta da hankalin da za ta ce “ƙila ga abin da yake nufi”. Abin da ke iso mata ta waya ko ta iska jerin lambobi ne kawai, sifili da ɗaya. Kowane sifili ko ɗaya ana kiransa bit, rukunin bit takwas kuma ana kiransa bayit. Idan ba a yi yarjejeniya tun farko kan ma'anar kowane bayit ba, saƙon ya zama surutu.

Yadda Yarjejeniyar Ta Samu

A farkon shekarun 1990 kusan kowane babban kamfanin kwamfuta yana da hanyarsa ta aika aiki ga firinta. Akwai wata tsohuwar hanya mai suna LPD da ta samo asali daga tsarin Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, amma abin da take iya faɗa kaɗan ne. A 1996 kamfanin Novell, tare da Xerox, ya gabatar da daftarin sabuwar hanya, IBM ma ya kawo nasa. Maimakon kowa ya ja nasa, sai aka haɗu a ƙarƙashin ƙungiyar masu ƙera firinta da ake kira PWG, aka kai aikin gaban IETF, wato ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet.

Bugun farko na IPP ya fito a 1999. A shekarar 2000 aka fitar da gyararren bugu a cikin kundaye biyu masu lamba RFC 2910 da RFC 2911. A 2017 aka sabunta su da RFC 8010 da RFC 8011, a 2018 kuma aka ɗaga su zuwa matsayin cikakkiyar ƙa'idar intanet. A kan wannan yarjejeniya aka gina manhajar CUPS da kwamfutoci masu tsarin Linux da na Apple ke buga takardu da ita, haka nan AirPrint da kamfanin Apple ya fitar a 2010. Wayoyin Android da yawa su ma da ita suke magana da firinta.

Sifa Da Nau'inta

A tsarin IPP, duk abin da za a faɗa game da firinta ko game da aikin da aka ba ta ana kiransa sifa. Yawan kwafi sifa ce, girman takarda sifa ce, sunan wanda ya aiko aiki sifa ce, halin da firintar ke ciki shi ma sifa ce. Kowace sifa tana da suna, tana da ƙima, wato abin da aka cike a gurbinta. Babban aikin masu tsarawa shi ne su yanke wa kowace sifa irin ƙimar da za ta iya ɗauka. Wannan shi ake kira nau'in bayani.

Ɗalibin da ya taɓa cike fom ɗin jarrabawa ya riga ya san wannan. A gurbin shekarar haihuwa lamba ake so, a gurbin jinsi zaɓi ake yi tsakanin abubuwa biyu, a gurbin suna kuma haruffa ake rubutawa cikin ƙananan akwatuna masu iyaka. Wanda ya rubuta “shekarar da aka buɗe dam” a gurbin shekarar haihuwa bai yi ƙarya ba, amma fom ɗinsa ba zai karɓu ba.

Ga yadda umarnin malaminmu na kwafi 40 ke tafiya. Da farko bayit ɗaya mai ɗauke da lamba 33, wadda aka amince tana nufin “cikakkiyar lamba ce ke tafe”. Sai bayit biyu da ke cewa sunan sifar tsawonsa 6 ne. Sai sunan kansa, wato copies, haruffa shida. Sai bayit biyu da ke cewa tsawon ƙimar 4 ne. Daga ƙarshe sai bayit huɗu masu ɗauke da 40. Jimla bayit 15. Hikimar faɗar tsawo kafin faɗar abu ita ce, ko da firinta ta gamu da sifar da ba ta sani ba, ta san iyakar inda za ta tsallake ta ci gaba da karanta sauran saƙon.

Lamba Tana Da Rufi

Nau'i na farko shi ne cikakkiyar lamba, wadda ba ta da ɓurɓushi. An ware mata bayit huɗu, wato bit 32, saboda haka mafi girman abin da za ta ɗauka shi ne 2,147,483,647. A ido wannan adadi kamar ba zai taɓa cika ba. To amma mu gwada shi da wani abu na gida. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gina a kan Gulbin Rima aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. In aka rubuta 942,000,000, ya shiga gurbin ba matsala. In kuwa wani ya ga dama ya rubuta adadin da lita, sai ya koma 942,000,000,000, ya fi ƙarfin gurbin fiye da sau 400. Ruwan ɗaya ne, amma zaɓen ma'auni shi ya raba lissafin da ya shiga da wanda ya tumbatsa.

Shi ya sa ba a barin sifa da nau'i kawai, sai an haɗa mata da iyaka. Yawan kwafi dole ya fara daga 1, domin babu ma'ana a ce a buga kwafi sifili. Sifar da ke nuna muhimmancin aiki, wadda ake duba wa za a fara yi wa bugu, an tsayar da ita tsakanin 1 da 100. Akwai kuma nau'in da ake iya kira zango, wato lambobi biyu a haɗe, ta ƙasa da ta sama. Da shi malam ya ce “shafi na 1 zuwa na 3”, da shi kuma firinta ke sanar da cewa ga mafi ƙaranci da mafi yawan kwafin da take karɓa. Sai nau'in i ko a'a, mai bayit ɗaya tak, wanda da shi firinta ke amsa tambaya irin ta “kina buga launi?”

Mudu Ba Ya Rabuwa Da Awo

Duk wanda ya taɓa sayen shinkafa a Wurno ko albasa da tafarnuwa a Goronyo ya san cewa “ba ni goma” ba ciniki ba ne. Goman me? Mudu, ko kwano, ko buhu? Ko an ce buhu ma, sai an tantance wane irin buhu. Lambar da ba ta da ma'auni ita ce uwar rigima. Ba a kasuwa kaɗai ba: a 1999 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda wata manhaja tana ba da lissafin ƙarfi da ma'aunin fam, wata kuma tana ɗaukarsa a matsayin ma'aunin niyuton.

Masu tsara IPP sun toshe wannan kafa ta hanyoyi biyu. Ta farko, ƙirƙiro nau'i na musamman domin faɗar yawan ɗigon tawada da firinta ke zubawa, wanda shi ke nuna kyawun bugu. Wannan nau'i bayit tara ne: huɗu na yawan ɗigo a kwance, huɗu na yawan ɗigo a tsaye, ɗaya kuma na ma'auni, inda 3 ke nufin inci, 4 ke nufin santimita. Ba yadda za a yi lambar ta tafi ta bar mudunta a baya.

Ta biyu, tsayar da ma'auni ɗaya a cikin dokar sifar kanta. Girman takarda ana faɗarsa ne da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Takardar A4 da muke amfani da ita a Nijeriya faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297, don haka ake rubuta 21000 da 29700. Takardar da Amurkawa suka saba da ita faɗinta inci takwas da rabi ne, wato milimita 215.9, sai a rubuta 21590. Da wannan dabara aka kauce wa lamba mai ɗigo baki ɗaya. Hasali ma babu nau'in lamba mai ɗigo a cikin IPP.

Lokaci ma haka aka yi masa. An ba shi bayit 11: biyu na shekara, sauran na wata da rana da sa'a da minti da daƙiƙa da kashi goma na daƙiƙa, sannan uku na ƙarshe su faɗi tazarar agogon wurin da agogon duniya. Agogonmu na Nijeriya yana gaba da sa'a ɗaya. Da yake ana rubuta shekara cikakkiya, yarjejeniyar ba ta faɗa tarkon da ya tayar da hankalin duniya gab da shekarar 2000 ba, lokacin da aka ji tsoron tsofaffin manhajoji masu rubuta shekara da lamba biyu za su rikice.

Lamba Ko Kalma?

Wasu sifofin zaɓi ne daga cikin jerin abubuwa sanannu. A nan masu tsarawa sun tanadi hanyoyi biyu, kowace da amfaninta. Ta farko ita ce lambar wakilci. Alal misali, halin da aiki ke ciki: 3 yana jiran layi, 5 ana kan bugawa, 7 an soke shi, 9 an kammala. Halin firinta kuma: 3 tana zaune ba aiki, 4 tana aiki, 5 ta tsaya. Mai lura zai tambaya, me ya sa aka fara daga 3? Dalili shi ne akwai wata tsohuwar ƙa'idar kula da na'urori mai suna SNMP, wadda a cikin jadawalinta na firinta 1 ke nufin “wani abu daban”, 2 kuma “ba a sani ba”. Sai aka bar waɗannan lambobi domin sabon tsari ya zauna lafiya da tsoho.

Hanya ta biyu ita ce ƙayyadaddiyar kalma. Umarnin “gaba da baya” yana tafiya ne a matsayin two-sided-long-edge, takardar A4 kuma iso_a4_210x297mm. Irin waɗannan kalmomi da ƙananan haruffan Ingilishi da lambobi da 'yan alamomi kaɗan ake rubuta su, kuma ba a fassara su a cikin saƙo. Lamba ta fi gajarta, amma sai an duba jadawali kafin a san ma'anarta. Kalma ta fi tsawo, amma injiniyan da ke neman inda matsala take zai karanta ta ya gane nan take, kuma ƙara sabuwar kalma a jeri ba ya da wuya. Hukumar IANA ce ke riƙe da rajistar waɗannan lambobi da kalmomi domin kada mutum biyu su ba abu ɗaya suna biyu.

Gurbin Da Aka Bar Wa Harshenmu

A nan ne maganar ta fi shafarmu kai tsaye. Masu tsarawa sun bambanta abin da na'ura ke karantawa da abin da mutum ke karantawa. Ƙayyadaddiyar kalma ta na'ura ce. Na mutum kuwa an ware masa nau'i biyu: suna, wanda ba ya wuce bayit 255, da kuma rubutu, wanda ba ya wuce bayit 1023. Kowanne daga cikinsu ana iya maƙala masa alamar harshen da aka rubuta shi da shi. Alamar Hausa ita ce ha. Bugu da ƙari, doka ce cewa sifofi biyu na farko a kowane saƙo su faɗi tsarin haruffan da aka yi amfani da shi da kuma harshen saƙon.

Muhimmancin wannan ba ya ɓoyuwa ga mai rubuta Hausa. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta, ASCII, gurbi 128 kawai gare shi, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Ga shi kuwa lanƙwasa ita ke raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, bata da ɓata. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba waɗannan haruffa lambobinsu, ya kuma ƙunshi haruffan Larabci da ajami ya ginu a kansu. IPP ta wajabta wa kowace firinta karɓar UTF-8, wato hanyar rubuta Unicode da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992.

Sai dai akwai wani tarko. A UTF-8 harafin boko na yau da kullum bayit ɗaya ne, amma mai lanƙwasa bayit biyu ne. Sunan Giɗaɗo haruffa shida ne, amma bayit takwas yake ci. Iyakar 255 kuwa ta bayit ce, ba ta haruffa ba. Mai rubuta manhaja da ya manta da haka zai iya datse dogon suna a tsakiyar harafi, sai a ga alamar tambaya ko wani akwati ya fito a inda ɗ ya kamata ta kasance. Ya kamata kuma a sani cewa wannan duka game da sifofi ne, kamar sunan aiki da sunan mai aiki. Fitowar lanƙwasa a jikin takardar kanta ta dogara ne ga salon haruffan da aka rubuta ta da shi.

Raba kalmar na'ura da maganar mutum yana da wata fa'ida. Idan takarda ta ƙare, firinta kan aika kalmar media-empty, idan ta maƙale kuma media-jam. Manhajar da ke wayar mutum ita ke da alhakin juya wannan zuwa harshensa. Ke nan babu abin da ya hana waya ta rubuta “takarda ta ƙare” ko “takarda ta maƙale” ba tare da an taɓa firintar ba. Yarjejeniya ta buɗe ƙofa, saura masu fassara da masu rubuta manhaja da suka san Hausa su shiga. Waƙa dai a bakin mai ita ta fi daɗi.

Faɗar “Ban Sani Ba” Ma Ilimi Ne

Me firinta za ta ce idan aka tambaye ta abin da ba ta da amsarsa? In ta ce sifili, za a ɗauka sifilin gaskiya ne. Malamin da ke cike sakamako ya san bambancin ɗalibin da ya ci sifili da wanda bai zauna jarrabawa ba. Rubuta wa na biyu sifili zalunci ne, kuma yana ɓata lissafin matsakaicin makin aji. Don haka IPP ta ware alamomi na musamman da ba sa cikin kowane nau'i: ɗaya na nufin “ban san ƙimar ba”, ɗaya “babu ƙima a yanzu”, ɗaya kuma “ba na yin wannan”. Da irin wannan firintar da ba ta buga gaba da baya ke sanar da malaminmu, shi kuma yana da wata sifar i ko a'a da zai ce ko dai a yi yadda ya nema daidai, ko a fasa aikin, ko kuma a yi iyakar abin da ya sawwaƙa.

Tsarin bai fito a kammale rana ɗaya ba. Tun farko akwai hanyar jera ƙimomi da yawa a sifa ɗaya, kamar jerin duk takardun da firinta ke karɓa. Amma babu hanyar ɗaure sifofi mabambanta wuri guda, a ce ga faɗi, ga tsawo, ga launi, duk na takarda ɗaya ne. Sai a 2002 aka ƙara nau'in ƙunshi ta kundin RFC 3382. An tsara shi ne yadda tsohuwar firintar da ba ta san shi ba za ta iya tsallake shi ba tare da ta rikice ba.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan labari ya wuce firinta. Rajistar ɗalibai, katin asibiti, lambar shaidar ɗan ƙasa, asusun banki, duk a kan irin wannan tsari suke tsaye. A bayan kowannensu akwai wanda ya zauna ya yanke cewa gurbi kaza lamba zai ɗauka, gurbi kaza haruffa nawa zai ci, kuma ko zai karɓi ƙ da ɗ ko ba zai karɓa ba. Wanda bai halarci wannan zama ba, yadda aka yanka masa haka zai sa.

Ga wani aiki da malamai za su iya ba ɗalibai ba tare da kwamfuta ba. A raba aji rukuni biyu, kowane rukuni ya tsara fom na cinikin albasa tsakanin manomi a Goronyo da ɗan kasuwa a Sakkwato. Ga kowane gurbi a rubuta sunansa da nau'insa da iyakarsa da ma'auninsa, da abin da za a sa in ba a san amsa ba. Sannan a yi musayar fom, kowane rukuni ya yi ƙoƙarin cike na ɗayan ta hanyar da ba ta karya doka ba amma za ta kawo ruɗani. Duk inda aka yi nasarar rikita fom, nan ne tsarin ke da ɓaraka, sai a koma a ɗinke. Wannan shi ne ainihin aikin da injiniyoyin PWG da IETF suka yi ta yi tun 1996, kuma allo da alli sun isa a fara koyonsa.